Yadda Ake Shirya Mako Guda na Keɓewa a Masaukin Masu Fasaha na Karkara

Mai rubutu da mai zane da mai tsara kiɗa kowa da irin kukansa, amma akwai guda ɗaya da suka yi tarayya a kai: aikin na nan cikin kai, sararin zama a yi shi ne babu. Shi ya sa duk lokacin da zancen gidajen nan na karkara da ake keɓe wa masu fasaha ya taso, tambayoyin da ake jefo mini ba sa canzawa. A ina ake samunsu? Me ake biya? Me ake ɗauka? Mutum shi kaɗai a bayan gari, ba ya gundura, ba ya tsorata? Ga amsoshin nan a jere, yadda aikin yake tafiya.

Ka riƙe lissafi guda tun yanzu. Mako kwana bakwai ne, amma ranar zuwa ta hanya ce, ranar komawa ma ta hanya ce. Abin da ya rage a hannunka kwana biyar. Duk abin da za ka karanta a ƙasa, manufarsa kada wani abu ya ci maka ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan.

1. Tsayar da aiki guda

Kafin ka nemi gida, ka san abin da zai kai ka. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak. "Zan gama daftarin babi na huɗu da na biyar." Ko, "Zan yi ƙananan zane goma na gwaji kafin babban zanen." Ko, "Zan tace waƙoƙina goma sha biyu in jera su." Idan ka ga jimlar tana ƙara tsawo, ana ta "sannan kuma", to ka datse. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma mafi yawan waɗanda ke dawowa da takaici sun tafi ne da ayyuka uku, suka ɓata kwanakin suna tsalle tsakaninsu.

Aikin da ya fi dacewa da mako guda shi ne wanda ka riga ka fara, ya tsaya maka a wani wuri. Sabon aiki fil yakan cinye kwana biyu ko uku kana lalube kafin ka gane inda ya dosa. Idan kuma abin da kake buƙata shi ne hutu da tunani kawai, babu laifi, amma shi ma ka rubuta shi a matsayin manufa, don kada ka kwana kana tuhumar kanka da lalaci.

A kula: kayan aikinka suna da nasu lokacin. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, wani launin kwana biyu, wani fiye da mako. Yumɓu yana son kwanaki ya bushe sarai kafin ya shiga wuta, in ba haka ba ya tsage ko ya fashe. Wanda zai yi mako guda gara ya nufi fensir, gawayin zane, tawada, fentin ruwa ko akirilik, wanda ke bushewa cikin mintoci.

2. Sanin irin gidan da ake nema

Gidajen iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana ɓata wa mutane watanni.

Na farko su ne waɗanda ake neman gurbi, a tura samfurin aiki, alƙalai su zaɓa. MacDowell da ke jihar New Hampshire a Amurka, wanda aka kafa a 1907, yana cikinsu: ba a biyan kuɗin zama, kowa da ɗakin aikinsa a cikin daji, abincin rana ma a kwando ake ajiye masa a bakin ƙofa don kada a katse shi. Haka Yaddo a garin Saratoga Springs na jihar New York, wanda ya fara karɓar baƙi a 1926. Hedgebrook da ke tsibirin Whidbey a jihar Washington ta Amurka na mata marubuta ne. A ƙauyen Sinthian na ƙasar Senegal akwai Thread, da aka buɗe a 2015. Waɗannan wurare ne masu daraja, sai dai ana cike takardarsu watanni da dama kafin lokacin, masu nema suna da yawa, kuma irin su MacDowell da Yaddo zamansu daga mako biyu yake farawa.

Na biyu su ne waɗanda kai ke biya, ka zaɓi kwanakinka. Wani tsohon gidan gona ne da aka gyara, wani ɗan ɗaki ne a bayan gidan wani mai zane, wani kuma cibiya ce mai ɗakuna biyar ko shida. Idan mako guda kake so, kuma a lokacin da ya yi maka, kusan kullum a nan za ka dace.

Wurin dubawa: shafukan intanet na Res Artis da TransArtists suna da jerin gidaje na ƙasashe da yawa, ana tacewa da ƙasa da fannin fasaha. Ƙungiyar Artist Communities Alliance ma tana da nata jerin, wanda ya fi karkata ga Amurka. Bayan su, ka tambayi masu sana'a irin taka. Gidaje masu kyau da yawa ba sa talla, baki da baki ake jin labarinsu.

Shawarata ga mai zuwa karo na farko: ka zaɓi wurin da za ka isa cikin yini ɗaya ba tare da ka galabaita ba. Tafiyar da za ta sa ka kwana biyu kana warware gajiya ta riga ta rage maka biyar ɗin nan zuwa uku. Idan har sai ka ƙetare iyaka, ka fara da biza kafin komai, kuma ka roƙi gidan takardar gayyata mai ɗauke da kwanakin zamanka.

3. Tambayoyi kafin a biya ko sisi

Nan ne ya kamata ka fi jinkiri. Hoto ba ya nuna ƙarar injin niƙa da ke bayan katanga, ba ya nuna cewa ɗakin aikin mutum huɗu ne ke rabawa. Ka rubuta wa mai gidan, a rubuce, don amsarsa ta zama hujja a hannunka.

Fara da shirun kansa, tunda shi za ka saya. Mutum nawa ne za su kasance a wurin a makon? Akwai wani taro ko horo ko biki da aka shirya a harabar? Ana gini a kusa? Akwai dokar sa'o'in shiru? Yaddo ya shahara da al'adar cewa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma ba mai ƙwanƙwasa wa wani ƙofa sai da gayyata. Gidan da ke da irin wannan ƙa'ida, ko da tasa ta bambanta, ya san abin da ya tara mutane.

Sai abin da ake tsammani daga gare ka. Wasu gidajen suna son baƙo ya yi jawabi, ko ya koyar da yara, ko ya buɗe ɗakinsa ga masu ziyara, ko ya bar musu zane guda. Cibiyar Tyrone Guthrie da ke ƙasar Ireland, alal misali, sharaɗinta ga mazauna babban gidan shi ne su haɗu su ci abincin dare tare. Ga mai zaman wata guda wannan alheri ne. Kai mai mako guda, ka auna: cin abinci tare sau ɗaya a yini yana rage kaɗaici, amma shirya jawabi zai ɗauke maka yini sukutum.

Daga nan ka gangaro kan ɗakin. Akwai tebur na gaske da kujera mai jingina, ko ɗan teburin shayi ne? Tagar ina ta fuskanta, kuma ƙarfe nawa rana ke shigowa? Mai zane ya tambaya ko an yarda a zubar da fenti a ƙasa, a buga ƙusa a bango, da kuma inda ake wanke buroshi. Mai kiɗa ya tambaya har ƙarfe nawa zai iya ɗaga sauti. Wuta tsayayya ce ko ta sola ko ta janareta, kuma sa'a nawa? Ruwan famfon ana sha? Da me ake ɗumama ɗakin ko sanyaya shi? Wane layin waya ne ke kamawa?

Na ƙarshe, tsaro. Ƙofar tana kulluwa ta ciki? Wa kuma ke da makulli? Akwai wanda ke kwana a harabar, ko kowa watsewa yake da yamma? Minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa, kuma da wace mota za a kai mutum cikin dare? Ke 'yar'uwa mai niyyar tafiya ke kaɗai, ki roƙi a haɗa ki da wata mace da ta taɓa zama a wurin, ki ji daga bakinta. Gidan kirki ba ya jin haushin wannan roƙo.

Gargaɗi: idan amsoshin suna zuwa a dunƙule, ko ana matsa maka ka biya yau-yau don wai wani na jira, ko an ce ka tura kuɗi asusun da sunansa bai yi daidai da na gidan ba, ka janye. Ka nemi sunayen waɗanda suka taɓa zama, ka duba ko su da kansu sun ambaci wurin a tarihin aikinsu. Ka kuma buɗe taswira ka ga ginin da idonka ta hoton tauraron ɗan'adam, da abin da ke kewaye da shi.

4. Lissafin kuɗi

Kuɗin ɗaki shi ake gani a talla, amma ba shi kaɗai ba ne. Ka jera su haka: kuɗin kwana, kuɗin ɗakin aiki, in daban ake biya, kuɗin shara da wankin zannuwa, kuɗin wuta ko itacen ɗumama ɗaki, wanda wasu gidajen ke lissafawa a ranar tafiya, kuɗin ajiya na ko-ta-kwana da ake mayarwa in ba a lalata komai ba, abinci, kayan aiki, mota zuwa da dawowa. Wanda aka fi mantawa shi ne zangon ƙarshe, daga tasha zuwa ƙofar gidan. A karkara wannan guntun yakan yi tsada fiye da yadda tsawonsa ya nuna, domin shata za ka ɗauka, kuma direban zai lissafa komawarsa babu fasinja.

Idan kana cin abinci da aikin yini, ka saka abin da za ka rasa na makon a lissafin. Bayan ka haɗa jimla, ka ɗora kashi 15 cikin 100 don abin da ba a zata ba.

Yawanci za a nemi kafin alƙalami don a riƙe maka kwanakin. Kafin ka tura, ka karanta ƙa'idar fasawa: zuwa wace rana ake mayar da kuɗi duka, daga yaushe ake riƙe rabi, kuma me zai faru in su ne suka fasa. Ka karɓi rasit. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, domin ba ko'ina kati ke aiki ba.

5. Sallamar gida da wurin aiki

Mako biyu kafin tafiya ka sanar da duk wanda zai iya nemanka. Ka biya abin da zai faɗo a makon, ka miƙa abin da za a miƙa, ka sa amsar kai-tsaye a imel mai faɗin ranar dawowarka. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya, ɗaya kawai, ka ba shi adireshin gidan, lambar mai gidan, da lokacin da za ka riƙa kiransa kullum. Ku yi magana a fili kan abin da ya isa a katse ka dominsa. Rashin lafiya mai tsanani ya isa. Neman inda aka ajiye wata takarda bai isa ba.

Ku kuma yanke abin da zai yi in ka wuce lokacin kira bai ji ka ba: ya jira sa'a nawa, ya kira wa.

6. Haɗa kaya

Ka shimfiɗa kayan kashi uku a ƙasa kafin su shiga jaka.

Kashin farko na aiki ne. Ka ɗauki abin da hannunka ya saba da shi, ba sabon abin da za ka koya a can ba. Abin da ke ƙarewa, ka ninka: takarda, farin fenti, tawada, batir, tsirkiya ko wayar kayan kiɗa. Kantin kayan zane ba ya kusa da irin waɗannan wurare. Marubuci ya buga daftarinsa a takarda, ya kwafe shi a filas, ya sauke ƙamus da duk abin da zai duba a kwamfuta yadda za su buɗe babu intanet. Littattafan karatu biyu sun isa. Tulin littattafai hanya ce mai sauƙi ta guje wa aikin.

Kashi na biyu na zama ne: tocila mai ɗaurawa a goshi, fawa bank, wayar jona wuta mai tsawo, adafta in soket ɗin ƙasar ya bambanta, agogon ƙararrawa don kada waya ta kwana kusa da kai, takalmin tafiya, rigar sanyi ko da lokacin zafi ne domin daren karkara ya fi na birni sanyi, da tufafin da ba ka damu su ɓaci ba. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana inda sabis ke da ƙarfi.

Na uku na jiki: magungunanka na kullum har da rarar kwana uku, maganin ciwon kai da na gudawa, filasta, maganin shafawa na sauro, da ɗan hantsaki mai tsini. Abinci kuwa, in kai za ka dafa, ka tsara abin da ba ya wuce minti ashirin a kan wuta, ko wanda za ka dafa sau ɗaya ka ci sau uku. Ka yi sayayyar a gari na ƙarshe kafin ka shiga ƙauyen, bayan ka tabbatar akwai firji.

Gargaɗi ga mai hawa jirgi: tina da sauran sinadaran tsinka fenti masu kama wuta, da gwangwanin feshin da ake kafe zanen gawayi da shi, ba a yarda da su ba, ko a jakar hannu ko a jakar ƙasa, wato wadda ake miƙawa a zuba a ma'ajiyar kayan jirgi. Ka tambayi gidan ko suna da su, ko ka saya bayan ka sauka. Wuƙar yankan takarda da reza a jakar ƙasa suke tafiya. Fawa bank kuma akasin haka, dole a jakar hannu, kuma wanda ƙarfin batirinsa bai wuce 100Wh ba shi ne ba ya buƙatar izini. Na 20,000mAh yana ƙasa da wannan iyaka.

7. Ranar isa

Ka isa da rana tsaka ko kafin la'asar, kada duhu ya riga ka. Hanyoyin karkara ba su da fitila ko alama, kuma gidan da ka fara gani cikin dare yakan zauna maka da wata fargaba da ba ta da dalili.

Ka bi mai gidan ya zagaya da kai, kana tambaya: ina ake kashe wuta gaba ɗaya, ina makunnin gas, ina abin kashe gobara, ina ake zubar da shara, wace hanya ce ba a bi. Ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a lalace, saboda kuɗin ajiyarka. Ka zaga da waya ka gano inda sabis ke kamawa, ka kira mutumin nan naka. A nan ne kuma za ka faɗa wa mai gidan, cikin ladabi, sa'o'in da ba ka son a ƙwanƙwasa. Faɗar haka a ranar farko ya fi sauƙi a kan faɗarsa bayan an saba shigowa hira.

Kada ka yi aiki a ranar. Ka shirya teburin kawai. Ka ja shi kusa da taga yadda haske zai zo ta gefen hannun da ba ka rubutu da shi, don inuwar hannunka kada ta faɗa kan takarda. Ka manna jimlar nan taka a bango. Ka fere fensira, ka jera buroshi, ka buɗe daftarin a shafin da za ka fara, ka ɗora alƙalami a kai. Gobe da safe abin da ya rage shi ne ka zauna.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada ka kwana da garwashi, ko risho, ko murhun gas a kunne cikin rufaffen ɗaki, kuma kada janareta ya yi aiki a cikin gini ko a bakin taga. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da ake ƙona wani abu alama ce ta a fita waje nan take. Idan gidan da murhun itace ake ɗumama shi, ka sa a nuna maka yadda ake kunna shi, ka tambaya ko akwai na'urar gargaɗi. Ruwan da ba ka amince da shi ba kuma, ka bar shi ya tafasa sosai na minti guda.

8. Tsarin yini

Kwana biyar ba su isa a ce sai sha'awa ta zo ba. Ka tsara yinin, ka maimaita shi kullum.

Safiya ita ce jarinka. Ka tashi lokaci guda, ka gama abin da ka saba na ibada da karin kumallo, ka zauna kafin ka taɓa waya. Sa'a uku zuwa huɗu na aiki mai nauyi, da ɗan miƙe ƙafa a tsakani, shi ne abin da yawancin mutane ke iya yi da kyau. Wanda ya yi sa'a goma ranar farko don zumuɗi, washegari yakan tashi fanko.

Bayan abincin rana ka fita tafiya, ko da ta minti arba'in ce, da ƙaramin littafi a aljihu. Ni a ganina wannan tafiyar tana cikin aikin, ba hutu daga gare shi ba ce. Matsalar da ta ƙi warwaruwa a kan tebur sau da yawa a kan hanya take sakin jiki, kuma in ba ka rubuta a take ba, kafin ka dawo ta gudu. Da yamma sai aiki mara nauyi: gyaran abin da aka yi da safe, wanke kayan aiki, karatu. Kafin ka kwanta ka rubuta layi biyu, abin da ka yi yau da abin da za ka fara da shi gobe. Ka tsaya a inda ka san abin da ke biye, kada ka tsaya a inda ka maƙale.

Waya fa? Kashe ta ɗungurungum ba dabara ba ce ga wanda yake shi kaɗai. Abin da ke aiki shi ne ka cire manhajojin sada zumunta tun daga gida, ka ajiye wayar a wani ɗaki ko cikin jaka, ka ba ta rabin sa'a da yamma a lokacin kiran da kuka shirya. Idan kana aiki kai ya ce maka sai ka duba wani abu a intanet, ka rubuta shi a gefen takarda ka wuce. Da yamma za ka ga yawancinsu ba ka ma buƙatarsu.

A kula wajen yawo: ka faɗa wa wani inda ka nufa, ka tsaya kan hanyar da aka sani, kada ka ratsa gonar mutane ko ka bar ƙyauren dabbobi a buɗe, kuma kada ka ɗauki hoton kowa ko ka zana shi sai da izininsa. Ka gaida mutanen da ka haɗu da su, su ne za su fara taimakonka in wani abu ya faru. Idan ka bi ta cikin ciyawa, ka duba jikinka saboda kaska. In ka same ta, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, ba murɗawa. Ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa ƙafa.

Ga masu fentin mai: tsumman da ya jiƙe da man kwaɓa fenti, in aka dunƙule shi aka jefa kwando, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe a waje, ko ka nutsa shi cikin gwangwani mai ruwa da murfi. Taga kuma a buɗe duk lokacin da kake amfani da tina.

9. Idan shirun ya yi nauyi

Wannan matakin ba a cika faɗarsa ba, kuma shi ne ke sa wasu su tattara kaya kafin lokaci. A rana ta biyu ko ta uku ta aiki, ɗokin zuwa ya lafa, sai wani abu ya sauko. Aikin da ka yi jiya ya zama abin kunya a idonka. Ka tuna kuɗin da ka kashe. Ka ji ƙarar firji, ka ji motsin kwano in rana ta buga shi, ka ji wani tsuntsu da ke maimaita kuka ɗaya tun hantsi. Hannunka ya riƙa kai wa aljihu neman waya. Wani barci ne ke danne shi, ya yi sa'a goma yana tashi da jin laifi. Wani kuma tsofaffin damuwoyi ne da hayaniyar gari ta rufe suke tasowa ɗaya bayan ɗaya.

Ba alamar ka yi kuskuren zuwa ba ce. Mutumin da ya shekara cikin kira da saƙo da surutu, ba a yini ɗaya yake sabawa da rashinsu ba. Abin yi kaɗan ne, amma a yi shi. Ka zauna a teburin a lokacin da ka saba ko da abin da zai fito ba shi da kyau. Ka rage burin ranar zuwa shafi ɗaya ko zane ɗaya. Ka ba hannunka aikin da ba ya son tunani: kwafe shafin jiya da hannu, shafa farin fenti a kyalle, jera hotuna. Idan barci ne, ka yi shi, bashi ne jiki ke karɓa. Kada ka yaga komai, kada ka goge komai, kada ka canza aikin da ka zo da shi a wannan ranar. Hukuncin da aka yanke cikin wannan hali ba a cika samunsa daidai ba. Sau da yawa washegari ko jibi ne aikin ke buɗewa, kuma wanda ya gudu bai kai ga ganin haka ba.

Amma akwai iyaka, kuma ina so a ji ni da kyau a nan. Idan abin ya wuce gundura ya zama firgici mai hana numfashi, ko kwana biyu babu barci sam, ko tunanin cutar da kai, to ba lokacin juriya ba ne. Ka kira mutuminka, ka gaya wa mai gidan, ka nemi likita, ka koma gida in ta kama. Wanda yake cikin sabon rashi, ko yake fama da ciwon damuwa, ya shawarci likitansa tun kafin ya biya kuɗi, kuma ya zaɓi gidan da ake haɗuwa cin abinci maimakon ɗaki shi kaɗai a tsakiyar daji.

10. Rufewa da komawa

Rana ta shida da safe ita ce zaman aiki na ƙarshe mai nauyi. Kada ka buɗe sabon abu. Mai fenti ya ajiye buroshi da wuri don aikin ya samu daren bushewa. Da rana ka karanta ko ka kalli duk abin da ka yi daga farko, ka ɗauki hotonsa da hasken rana, ka kwafe rubutu wuri biyu. Sannan ka rubuta wa kanka shafi guda: ina aka tsaya, me ya rage, mene ne abu uku na gaba. Bayan kwana goma a gida ba za ka tuna abin da yau yake a fili ba.

Wajen ɗaure kaya, zanen gawayi ko na alli a sa takarda mai santsi tsakanin kowane biyu, a matse su cikin kwali biyu masu tauri don kada su goga juna. Kyallen da za a naɗe, a naɗe shi fentin yana waje, a kan bututu mai kauri, in ba haka ba ya tsattsage. Ruwan wankin buroshi da ragowar tina ba a zubar da su a ƙasa ko a magudana, musamman inda ake shan rijiya. Ka tambayi mai gidan yadda suke yi da su.

Ka tabbatar da motar komawa tun daren, ka share ɗakin, ka mayar da tebur inda ka same shi. Ku zagaya tare da mai gidan kafin ka miƙa makulli, ku daidaita kuɗin wuta, ya faɗa maka ranar da kuɗin ajiya zai dawo. Idan hali ya yi, ka bar yini guda tsakanin isarka gida da komawa bakin aiki, kuma tun kana hanya ka sa ranar zama na gaba a kalanda, cikin kwana uku na farko, ko da na sa'a ɗaya ne, ka fara da abu na ɗaya a shafin nan da ka rubuta.